Takardar da Inna Agathe Ba Ta Gama Ba

Aubervilliers, 18 ga Oktoba 2009

Zuwa ga Yaya Zouera,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida Mounkaila da yara. Yaya ƙafar Baba, yana dai iya takawa zuwa majami'a? An gama yankan hatsi a Dogondoutchi? Ni lafiyata lau, sai sanyi da ya fara shiga ƙashi.

Ki gaya wa Baba na sauke saƙonsa, na gano Inna Agathe. Matar da ta yi shekara ashirin da takwas a ɗakin shan magani na Mishan, wadda ta karɓi haihuwata ta kuma tsaya mini uwar baftisma, yau tana zaune a wani gidan tsofaffi a Lyon, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga Paris. Ta rame ƙwarai, amma bakin yana nan. Ina shiga ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni da Hausarta ta Arewa, irin ta mutanen garinmu, ko har yanzu ina cizon mai yi mini allura. Na yi dariya, na yi kuka, ta ce in share majina kada in kunyata ta gaban Turawa.

Yaya, akwai abin da ba zan iya rubuta wa Baba ba, ke zan gaya wa. Kin tuna yadda yake cewa in na zo ƙasar su Inna Agathe zan huta, ba wanda zai ƙara ce mini arniya a bakin rijiya? To, ba a ce mini arniya. A wurin aikin gwajin jini inda nake koyo, da suka ji ina zuwa Misa ranar Lahadi, wani abokin aikina Pierre ya yi murmushi ya ce kakarsa ma tana yi kafin ta rasu. Kallon da suke mini irin wanda ake yi wa mai tsohon tari ne, ana tausayi ana ja da baya. A majami'ar unguwarmu limamin ɗan Kongo ne, masu sujada kuma mu ne baƙaƙe da 'yan Indiya da wasu tsofaffi huɗu da ba su ji sosai. Manyan majami'un cikin birni cike suke, amma da masu ɗaukar hoto. Wadda ke tashina in na makara ranar Lahadi ita ce Hapsatou, 'yar Garoua da muke ɗaki ɗaya, musulma ce mai salla biyar.

Kafin in taso Inna ta riƙe hannuna. Ta ce danginta saura ɗan ƙaninta ɗaya, Nicolas, kuma rabon gidansu da majami'a shekara talatin. Mahaifinsa da ya rasu ƙona gawarsa suka yi, domin haka da yawa suke yi yanzu a nan. Ta ce ita ba ta so. Tana so a kai ta majami'a a yi mata Misa, a sa ta cikin ƙasa kamar yadda ta ga ana sa mutane a wurinmu. Na yi mata alkawari, na ce muddin ina numfashi haka za a yi.

Ki gaida Baba da kyau, ki karanta masa farkon wasiƙar kawai.

Taki ƙanwa,
Mariam

Aubervilliers, 13 ga Disamba 2009

Yaya Zouera,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, wasiƙarki ta iso, da kilishin da Mounkaila ya sa a ciki. Hapsatou ta cinye rabi ta ce in gode masa. Na ji an ce Baba ya tashi gaban jama'a ya sanar cewa 'yarsa tana kula da Inna Agathe a ƙasar Kirista. Ina ruwan Baba! Da ke kika riƙe bakinki da bai kai nan ba.

Ranar Talata na koma Lyon. Takwas ga Disamba kenan, ranar da mutanen garin suke jera kyandir a tagoginsu. Inna ta ce tun zamanin kakanninta ake yi domin girmama Uwa Maryamu. Yanzu kam biki ne na fitilu, jama'a ta cika titi har ba wurin sa ƙafa, ana sayar da abin sha mai zafi. Na tambayi wata budurwa a cikin jirgi ko ta san dalilin ranar, ta ce don kawo baƙi garin ne. A gidan tsofaffin kuma an hana kyandir saboda gobara, sai wani ɗan na roba mai batir suka ba ta. Ta sa na ajiye shi a taga, inda ake hango babbar majami'ar da ke kan dutse, muka ja carbi tare da Hausa. Wata ma'aikaciya ta leƙo, ta ja mana ƙofa a hankali kamar ta same mu muna wanka.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Muna gama addu'a sai ta jawo takarda da biro daga aljihun tebur, wai za ta rubuta yadda take so a yi da gawarta, ni kuma in ajiye. Har ta sa kwanan wata da sunanta. Ni da ta goya, in zauna ina kallo tana rubuta mutuwarta, kamar ina jiran ranar? Ke kin san da Baba ne ya fara irin wannan magana da mun hana shi. Na zare biron daga hannunta, na ce Allah ya kiyaye, sai ta ga 'ya'yana tukuna. Na ce ai ta gaya mini, ni kuma na ji, maganar babba ba ta buƙatar takarda. Ta yi ta cewa nan ba Doutchi ba ne, na yi ta kawo mata labarin mutanen gida har ta yi dariya ta bari. Takardar na ninke na jefa a jakata don kada ta ƙara ganinta ta shiga tunani.

Zan koma bayan Kirsimeti in aiki ya bari. Ina yi muku barka da biki tun yanzu. A ci shinkafa a tuna da ni.

Taki,
Mariam

Lyon, 21 ga Fabrairu 2010

Yaya,

Ina gaishe ku, ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi a tashar jirgi.

Ban samu zuwa bayan Kirsimeti ba, aka yi ta ɗaga mini hutu. Ranar Alhamis aka kira ni cewa Inna ta faɗi, jini ya hau mata kai. Tana asibiti, ɓarin dama ya mutu, baki ya tafi. Idonta kawai ke bina. Da na isa aka ba ni takarda in cike, akwai wurin da aka tambayi dangantakata da maras lafiya. Na rubuta 'yar baftisma. Matar da ke karɓa ta duba, ta ce wannan ba ya cikin lissafinsu, ta soke ta rubuta ba dangi.

Na ga Nicolas. Na so in same shi mugu don in ji daɗin ƙinsa, amma mutum ne mai ladabi, har ya saya mini kofi. Na gaya masa abin da Inna ta ce. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce shi bai taɓa jin haka daga bakinta ba. Ya ce addinin nan ne ya ɗauke ta ya kai ta Afirka, ta bar uwarta tana jinya shekara shida ba mai juya ta sai mahaifinsa, saboda haka ba ya ganin suna bin majami'a wata godiya. Amma ya ce shi ba mai take wasiyya ba ne, doka ma ba ta yarda ba. In akwai abin da ta rubuta da hannunta ta sa hannu, zai bi shi harafi da harafi.

Na koma ɗakin da gudu, na sa mata biro a hannun hagu. Ya zame ya faɗi sau uku. Ta dube ni, ni kuma na kasa dubanta.

Ku sa ta cikin addu'a. Ku roƙa mata ko da yatsa biyu ne su motsa.

Mariam

Aubervilliers, 14 ga Maris 2010

Zuwa ga Yaya Zouera,

Ina gaishe ki, ina gaida Mounkaila da yara. Ina yi mana gaisuwar rashi, ni da ke da Baba da dukan wanda Inna Agathe ta taɓa ɗaure wa ciwo. Kamar yadda na gaya muku a waya, ta cika ranar biyu ga wata. Abin da ban faɗa a waya ba shi ne wannan.

Na roƙi Nicolas har na durƙusa masa, abin ya ba shi kunya ya ɗaga ni, amma ya ce tunda ba takarda, ƙona gawar za a yi. Na je wurin limamin majami'ar unguwar, wani tsoho da ke riƙe da majami'u huɗu shi kaɗai. Ya ce zai ambaci sunanta a Misar Lahadi, amma gawa ta dangi ce, ba shi da ikon karɓo ta.

Ranar da aka sa, ni da Hapsatou muka tashi da tukunyar shinkafa da miya da muka dafa, muka naɗe ta da zane muka shiga jirgi. Ita ta ajiye aikinta a shagon tufafi ta biyo ni, ta ce ba a zuwa makoki mutum ɗaya. Wautarmu ke nan, mun dafa na mutum arba'in. Muna tsammanin za a shimfiɗa a zauna, a zo gaisuwa. Mu bakwai ne a ɗakin, har da mu biyu. Ɗaki ne mai tsabta, ba gicciye ba komai, an ba mu rabin awa domin wasu na jira a waje da tasu gawar. Aka sa kiɗa a na'ura. Nicolas ya karanta shekarunta da wuraren da ta yi aiki, ya ce mace ce mai son taimakon jama'a. Sunan Allah bai fito ba ko sau ɗaya, a kan matar da ba ta taɓa fara wanke ciwo ba sai ta kira shi.

Ya ba ni minti biyu in faɗi abin da na tuna game da ita. Na tashi, na sa hannu a kan akwatin, na yi addu'ar Ubanmu da Hausa tun daga farko har ƙarshe, yadda ta koya mana a ƙarƙashin dalbejiyar Mishan. Mutum ɗaya ya ce amin, Hapsatou. Matar Nicolas ta zo daga baya ta ce waƙar ƙasarmu tana da daɗi. Sai labule ya rufe, aka tura akwatin ciki. Tokar kuma sun watsa ta a wani lambu da aka ware don haka. Shinkafar mun dawo da ita Paris, maƙwabta suka ci kwana biyu.

Na yi kwanaki ina zagin ƙasar nan a zuciyata, kuma har yanzu ban huce ba. Su suka kai mana addinin nan, aka zage mu a kansa, dangin Baba suka daina cin abinci da shi a kansa, ga shi su sun ajiye shi kamar tsohon kwano. Ina zuwa Misa har yanzu, amma bakina kawai ke motsi. Sai dai, Yaya, duk zagin da na yi, in na juyo ni nake gani. Inna ta san mutanenta, ta san abin da suke ji shi ne takarda. Ta ɗauki biro da hankalinta da lafiyarta, ni na zare shi. Na ɗauka ladabi nake yi mata, har na rubuto miki ina yabon kaina.

Kin ce Baba yana so in aiko da hoton kabarinta a rataya a majami'a. Babu kabari. Ga abin da ke akwai na sa a cikin ambulan, takardar nan da na samu a ƙasan jakata. Za ki ga kwanan wata, takwas ga Disamba, da sunanta, da ɗan layin da biron ya ja lokacin da na fizge shi. Sauran fari ne.

Wannan karon ki karanta wa Baba wasiƙar duka, kada ki tsallake komai. In ya ga dama ya tashi gaban jama'a ya sanar da wannan ma. Ku yi mata Misa a Doutchi, ku zauna mata kwana uku, ku dafa na mutum arba'in, can za a samu masu ci. Ni kada a sa sunana cikin waɗanda za a yi wa gaisuwa.

Allah ya ji ƙanta, ya yafe mini.

Ƙanwarki,
Mariam Saley