Kawu Sanda Zai Kai 'Yan Sanda Ƙara

Cheetham Hill, Manchester

Zuwa ga 'yata Barista Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da duk mutanen Sparkbrook. Ban kira a waya ba saboda maganar shari'a ce, tana buƙatar takarda.

Kin san shekarun da na kwashe ina gadin sito a nan unguwar. To, na nemi aikin ɗan sanda. Na ci jarrabawar rubutu, na ci ta baka, sai aka zo gwajin gudu da suke kira bleep test. Layi biyu ne a cikin wani zaure. Na'ura ta yi ƙara, ka ruga wancan layin, ta sake yi, ka dawo. Da farko har raina abin na yi. Ashe munafuka ce, kullum ƙara sauri take. Ina tsakiyar fili sai na ji "ƙit". Mai kula ya ɗaga min hannu ya ce in koma gefe.

Khaulat, wanda ke damata ɗan cikina ne a haife. Ta haguna kuwa cingam take tauna tana gudu. Ta yaya za a haɗa mai furfura da waɗannan a ce ma'auni ɗaya? Wannan zalunci ne, kuma kotu za ta raba mu. Ki shirya takardu.

Kada ki gaya wa mahaifiyarki. Ƙanwata ce, amma ba ta da riƙon baki.

Kawunki,
Sanda

Sparkbrook, Birmingham

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gaida uwargida Anti Safiya. Umma ma tana gaisuwa, kuma ta riga ta sani. Ban san wa ya gaya mata ba, amma da ta ga hatimin Manchester a ambulan sai da ta ajiye ludayi don dariya.

Kawu, ni ba barista ba ce tukuna, ina koyon aiki ne a ofishin lauya Mista Alfred. Amma maganarka ba shirme ba ce gaba ɗaya. A doka, ma'auni ɗaya ga kowa yana iya zama rashin adalci idan ya fi kayar da mata ko masu shekaru, kuma hukuma ta kasa nuna cewa aikin yana buƙatarsa da gaske. Yanzu haka muna da wasu mata uku da ke shirin zuwa kotun ma'aikata a kan irin wannan.

Sai dai za a yi maka tambayoyi. Ka yi atisaye kafin ranar? Me ka ci da safe? Ka ga likita? Sannan ai suna ba da damar sake gwadawa, ko ba su gaya maka ba?

'Yarka,
Khaulat

Cheetham Hill

'Yata Barista,

Sallama da gaisuwa. Tambayoyinki na gani, ba su da alaƙa da shari'a, don haka na wuce su.

Albishirinki. Allah Ya kawo mana hujja har gida. Ranar Talata wani ƙato ya shigo sito ya suri katan ɗin turare ya arce. Ma'aikata suna ta ihu, ba wanda ya iya tarar sa. Ni na kama shi, ni kaɗai, na riƙe shi har 'yan sanda suka iso. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni hannu ya ce, "Well done, mate."

Ki duba min wannan. Mutumin da na'ura ta ce bai iya gudu ba shi ya kama ɓarawo. Ashe na'urar ce ba ta san aiki ba. Maigidan sito ya ce kyamara ta ɗauki komai, zai tura miki. Ni ban kalla ba, ba na son yabon kai. Ki kai wa alƙali kai tsaye.

Kawunki,
Sanda

Cheetham Hill

Khaulat 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki Habibatu. Ni na gaya mata, kada ki wahalar da kanki da bincike.

Don Allah kada ki kai bidiyon nan ko'ina sai kin kalla. Ni na kalla. Kawunki bai yi taku ko ɗaya ba. Ya fito daga alwala riƙe da buta, ɓarawon ya sha kwana a guje ya yi karo da cikinsa. Suka zube tare, Allah Ya sa kawunki ne a sama. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa, shi ke nan kamun.

Ranar gwaji kuwa, na ce ya sha shayi kawai, ya ce namiji ba ya fita yaƙi da ruwan zafi. Ɗumamen tuwo ya ci. Kuma wandon shadda ya saka, tazuge ya kwance masa ana tsakar gudu, da hannu ɗaya ya ƙarasa.

Amma ga abin da bai rubuta miki ba. Za a rufe siton kafin bazara, an sayar da ginin. Kuma aikin nan ba yau ya fara son sa ba. Yana saurayi a Kano ya je ɗaukar kurata, aka auna tsayinsa aka ce ya koma gida. Bai taɓa gaya wa kowa ba sai ni.

Kullum da safe ina jan sa park ya yi atisayen gudu. Wallahi ya fara sauri, har yana wuce ni. Jiya sai ya tsaya cak ya ce, "Safiya, idan na ƙware a gudu ai na ɓata wa yarinyar nan shari'a." Ya nemi benci ya zauna. Na san tsoro ne, kada ya sake faɗuwa a gaban yara. Ke yake jin maganarki yanzu, tunda ya naɗa ki barista. Ki yi masa magana.

Antinki,
Safiyatu

Sparkbrook

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Bidiyo ya iso, mun kalla da Mista Alfred. Ba zan ɓoye maka ba, sai da ya cire tabarau ya share hawaye, ya ce a maimaita wurin butar. Idan muka kai wa alƙali, lauyan hukuma zai yi mana godiya.

Amma mun kalla har ƙarshe. Bayan kun faɗi, ma'aikata sun taho da sanduna, ka ɗaga hannu ka tsayar da su. Mutumin yana fisge-fisge, kai kana ta yi masa magana har ya natsu. Da ka ga numfashinsa na sarƙewa ka gyara zama, ka sa aka kawo masa ruwa. Mista Alfred ya daina dariya a nan. Ya ce mutumin nan ya iya aikin, gudun kawai ya rage masa.

Kawu, matan nan uku sun yi atisaye na watanni, sun gwada, sun sake gwadawa. Su suna da abin faɗa a kotu, kuma za mu tsaya musu. Taka shari'ar za ta ja lokaci, ko ka ci ma ba ita za ta saka maka kaki ba. Idan kotu kake so, zan rubuta. Idan aikin kake so, ka tashi daga bencin nan.

Ka yafe min idan na yi tsauri.

'Yarka,
Khaulat

Cheetham Hill

Khaulat,

Sallama. Na je, na ci.

Na rufe ido ne a ƙarshe, ban san an gama ba. Kowa ya tsaya, ni ina ta kai da kawo, sai da mai kula ya biyo ni ya riƙe min riga. Har yanzu ina kan bakana, gwajin nan ba adalci, ki gaya wa matan ina bayansu.

Kada ku zo murna wannan satin. Kin san flat ɗinmu hawa na uku ne. Tun da na dawo ƙafafuna suka ƙi matakala, ina nan ƙasa a falon maƙwabcinmu Malam Lawal, Safiya tana sauko min da abinci.

Kawunki,
Sanda