Yayana ya fasa tukunyar kakanmu, na karya masa hannu

Anti Dije, ki taimake ni kafin in yi kisan kai.

Na samu gurbin karatun gaba da digiri a fannin adana kayan tarihi, wata mai zuwa zan tafi. Tukunyar kakanmu, mai fuskar mutum a wuyanta, a kanta na so yin bincikena. A rikicin bara aka ƙone gidanmu na Tudun Wada ƙurmus, muka gudo Unguwar Boro. Da na koma tonon toka, ita kaɗai na tarar lafiya lau. Yayana Benson ya ce ai shaida ke nan gunki ce, ita ta jawo mana wutar. Na ce masa gasasshen yumɓu ba ya ƙonewa, ko a jikinsa.

Ranar Lahadi, dawowarsa daga coci, ya ɗauki taɓarya ya farfasa tukunyar a gabana. Anti, idona ya rufe. Na fizge taɓaryar na maka masa a hannu, har na ji ƙarar ƙashin. Makanike ne a Kakuri, da hannun nan yake ciyar da mu. Yanzu ya rantse sai ya niƙe gutsattsarin, in kuma na tafi karatun gumaka, ba ni ba shi. Mama kuka kawai take yi. Abin da ke tsorata ni, har yau in na gan shi zuciyata tafasa take.

Ƙanwarki a Unguwar Boro

Ƙanwata, Benson ya yi ɓarna, ba zan wanke shi ba. Amma mutumin da ya ga gidansu yana ci da wuta, tsoro ke yawan magana da bakinsa. Ke kuma kin ɗaga makami a kan jininki, wannan ya fi nasa muni.

Ki kwashe gutsattsarin yau, kowanne a cikin tsumma, kada ki wanke su, kada ki sa musu gam. Ki kai gidan adana kayan tarihi ajiya. Karatu kuwa ki tafi, ba bauta ba ce, ki roƙi fastonku ya fahimtar da shi. Kafin nan, ki raka shi asibiti da ƙafarki, ki durƙusa ki ba shi haƙuri a gaban Mama, ko ranki bai so ba.

Tukunya za ta jira ki dawo da ilimin haɗa ta. Ƙashin yayanki in ya haɗu a karkace, ya karkace ke nan. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba da sa'ar karatu.

Anti Dije