Kun Karɓi Kuɗinmu, Rifkatu Ta Rasa Ƙafa

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin inshorar lafiya da ya yi wa mata masu ɗinki na Gawon Nama rajista.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ban kama sunan kamfaninka ba, amma ka san da kai nake.

Sunana Rabi Umaru, tela ce ni, kuma shugabar ƙungiyarmu. Na rubuto a fili ne saboda na gaji da zaman benci a ofishinku ana ce mini oga ya fita.

Na farko. Ranar da ma'aikatanku suka zo da rumfa da lemo, matan nan ba su yarda da su ba. Da ni suka yarda. Ni na bi su gida-gida ina bayani: ma'aikaci ana cire masa daga albashi, wanda yake wa aiki ya ƙara masa, mu kuwa ba mu da mai ƙara mana, sai dai mu haɗa namu, mai lafiya ya tallafi marar lafiya. Har wurin malami na je saboda masu tsoron ko haramun ne. Wasu kwasar adashinsu suka bayar ɗungurungum. Shekara uku muna biya ba mu taɓa makara ba, rasit ɗinku kuma suna hannuna.

Na biyu. Rifkatu 'yar Filato ce, mijinta malamin firamare ne, ya rasu ya bar ta da yara uku. Shagonta na jikin nawa. Tana da ciwon suga. Ƙusa ta soke ta a ƙafar dama, ciwon ya ƙi warkewa, na kai ta asibitin da ku da kanku kuka rubuta a katinta. Ma'aikaciyar asibitin ta juya katin, ta miƙo mini, ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Kamfanin ga wata da watanni bai biya mu ba. Ko dai ku biya da hannu, ko su turo lambar izini."

Da me za ta biya? Abin da take ajewa don ranar ciwo ai ku ta ba. Na yi ta buga lambar da ke bayan katin har cajin wayata ya ƙare. Sau huɗu ina zuwa ofishinku. Mako uku Rifkatu tana wanke ƙafa da ruwan gishiri tana shan maganin kemis, kullum ina ce mata gobe za a turo. Da wari ya fara fita, mata suka yi karo-karo, 'yan cocinsu suka cika. Likita ya duba, ya ce mun makara. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, ranka ya daɗe.

Kwana biyu bayan aikin, saƙonku ya shigo wayarta. Kun amince a wanke mata ciwo.

Na uku. Kuɗinmu bai isa asibiti ba, bai kuma dawo hannunmu ba. Yana ina? Ba sadaka muka roƙa ba, hakkinmu ne da muka biya tun kafin ciwo ya zo. In karɓa ce, da ƙafarku kuke zuwa har bakin shago. In biya ne, sai waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka.

Na huɗu, kun zubar mini da mutunci. Matan ba su zage ni ba, gara ma a ce sun zage ni. Shiru suke yi in na shigo. Ita kuwa Rifkatu hannuna ta riƙe a gadon asibiti tana cewa ba laifina ba ne. Har yau ban iya haɗa ido da 'ya'yanta. A haka ne, makon jiya, wakilinku ya zo yana murmushi wai lokacin sabunta kati ya yi. Allah ne kaɗai ya riƙe mini baki.

Ga buƙatunmu. Ku mayar wa mata da 'yan coci abin da suka kashe. Ku saya wa Rifkatu ƙafar roba da keken ɗinki mai lantarki, ta ci gaba da ciyar da marayunta. Sannan ka zo da kanka, ba aike ba, ka tsaya gaban ƙungiya ka faɗi abin da kuka karɓa da abin da kuka ba asibiti. Na kai kwafin wannan takarda ga hukumar da ta ba ku lasisi, ita ma ta gaya mana ko tana duba ku. Kafin nan, ko kwabo ba za mu ƙara ba ku ba.

Allah ya shirye ka, ya sa ka sauke amanar da ka ɗauka tun kana da iko. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin asibiti ba ka riƙe da komai sai irin katin da ka sayar mana.

Wassalam.

Rabi Umaru,
Gawon Nama, Sakkwato.