Har Cikin Wuta Zan Bi Ki

Swedru, 4 ga Mayu

Yaya Kukua,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kakarmu Nana da duk mutanen gida. Na iso makaranta lafiya. Garin da yajin da kika ɗaure mini sun iso, na gode.

Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ba wa biro. A hutun nan na ƙirga, sau goma sha ɗaya Ebo mai fentin kwalekwale ya tura ki jahannama. Ranar Talatar da ba a fita kamun kifi, ina zaune a kan raga, ya ce miki, "Kukua 'yar wuta, hayaƙinki ya ɓata mini fenti!" Kika ce, "Tafi can ka ƙone, mai hannu kamar ƙaguwa." Ya ce, "In na riga ki isa zan kama miki wuri." Kuka yi ta dariya har kina dukan kafaɗarsa.

Ni kuwa da ya juyo sai ya cire hula ya ce, "Barka da yamma, 'yar'uwa Araba." Kamar matar fasto! A duk littattafan da na karanta, waɗanda suka fara da faɗa su ne ke aure a shafin ƙarshe. Wadda ake gaisarwa da ladabi, ita ce mai riƙe wa amarya fure.

Ki gaya mini gaskiya. Kuma ki aiko mini da littafina mai jan bango.

Ƙanwarki,
Araba

Elmina, 15 ga Mayu

'Yar boko,

Muna lafiya, Nana tana gaishe ki. Ashe ƙirga zagin mutane aka tura ki koya? Ni da Ebo? Sai ranar da aka fara raba ruwan sanyi a jahannama! Nan bakin teku kowa ɗan wuta ne: injin da ya ƙi tashi, ragar da ta yage, har kuliyar da ta sace mini kifi jiya. Ki tsaya gaban murhun banda tun safe ki ga ko addu'a za ta fito daga bakinki.

Littafinki yana hannun Ebo, ya gan shi a kwandona ya ara. Ya gama fentin sabon kwalekwalen kawunsa, ya rubuta a jiki da ja da rawaya: HAR CIKIN WUTA ZAN BI KI. Tsofaffin coci sai tsaki suke yi.

Ki yi karatu, ki bar mafarki.
Kukua

Swedru, 23 ga Mayu

Kukua,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa.

Abin da Ebo ya rubuta a kwalekwalen yana shafi na tamanin da takwas na littafina. Ni na ja layi a ƙarƙashin wannan maganar da jan biro, har sau biyu. Na haddace ta, nakan faɗe ta a zuciyata in ya wuce da gwangwanin fentinsa. Kin ɗauki littafina kin ba shi, ya ɗauki maganata ya rubuta miki a inda duk Elmina za ta gani. Wutar ma taku ce ku biyu, ni ko ƙofarta ba a nuna mini ba.

Kwana biyu ban ci abinci ba, na ce wa mai kula da ɗakin kwananmu zazzaɓi ne. Hutu mai zuwa Takoradi zan tafi wurin Anti Ekua. Ki riƙe littafin.

Ki huta lafiya.
Araba

Elmina, 9 ga Yuni

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Sau uku na fara wannan takardar ina jefa ta a murhu.

Ebo bai ari littafin haka kawai ba. Sunanki ya gani a bango. Ya zo da shi a buɗe ya tambaye ni wa ya ja layin nan, na ce ke. Washegari ya hau fenti.

Shekara bakwai yana zagina kamar yadda yake zagin masu jan raga, don a wurinsa ni ɗaya ce daga cikinsu. Ke in kin wuce, buroshi faɗuwa yake daga hannunsa. Kina kishin "'yar wuta"? Zo ki karɓa, na ba ki kyauta. Ni da ma ko sau ɗaya wani ya cire mini hula ya ce barka da yamma.

Ga wasiƙarsa a ciki. Tun kafin takardarki ta farko ya ba ni in haɗa miki, na tura ta ƙarƙashin kwandon kifi. Shi ya sa take warin hayaƙi. Ban buɗe ba.

Ƙarya nake, na buɗe. Rubutunsa ya fi kyau a jikin katako.

In kin daina yi mini magana, ban ga laifinki ba. Amma kada ki tafi Takoradi, Nana za ta tambaye ni dalili.

Yayarki,
Kukua

Swedru, 16 ga Yuni

Yaya Kukua,

Barka da yamma. Ga hulata a hannu.

Na karanta wasiƙarsa sau tara. Warin kifin ya kama mini matashi.

Sati biyar a ƙarƙashin kwando! Ki tafi jahannama, Yaya. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ke ce ta farko. Ki kama mini wuri kusa da ke.

Ranar Juma'ar ƙarshen wata zan sauka a tasha. Ki zo ke kaɗai. Shi ya jira, wanda ya ce zai bi ni har cikin wuta zai iya.

Ƙanwarki,
Araba