Albarkar Mai da Hoton Innata

Zuwa ga Gwaggo Jumma,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙata ta daɗe a kan teburinki, domin mako uku kacal ya rage mini. Kwanakin nan in na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa abin da ya tashe ni. Jiya na hau kekena daga Tudun Wada har tashar jirgin ƙasa, na tsaya ina kallon taragu kamar mai jiran baƙo, na juyo gida ban san abin da ya kai ni ba. Allon wani mai ɗinki da aka ba ni in rubuta, sau biyu ina ɓata sunansa.

Sana'ata rubuta allunan shaguna a nan Gombe, shekarata ashirin da takwas. Amma abin da raina yake so shi ne zane na sosai, wanda mutum zai tsaya a gabansa ya yi shiru. Shekara uku da suka wuce muka kafa ƙungiya mu bakwai, muka sa mata suna Alli da Fenti. Shugabanmu Malam Rufa'i ne, malamin zane a wata sakandare, wanda ya yi karatu a Zariya. Akwai Timoti, mutumin Kaltungo, wanda a rumfarsa muke haɗuwa. Akwai Joda mai zanen jikin manyan motoci, duk zakin da kika gani a bayan wata roka a hanyar Bauchi da wuya in ba nasa ba ne, kuma bakinsa ya fi buroshinsa kaifi. Sauran ba sai na jera miki su ba.

Sau biyu a shekara muke baje zanenmu a ɗakin taron wata makaranta, jama'a su zo kallo. Kowane karo ana tsayar da take guda, kowa ya je ya zana abin da taken ya nuna masa. Mun yi Damina, mun yi Auduga, mun yi Ranar Kasuwa, na baya-bayan nan kuma Sabuwar Jiha, da aka ce mun koma ƙarƙashin Bauchi. Ƙa'idarmu ita ce ba mai leƙa aikin wani. Kowa ya gama sai ya naɗe allonsa cikin tabarma, sai saura wata guda a buɗe nuni mu taru mu kwance a gaban juna. Ranar warware tabarma muke kiranta, kuma ni dai ban taɓa jiran salla kamar yadda nake jiranta ba.

To ga inda na shiga uku. Ranar da aka tsayar da taken wannan karon ba na gari, na je Kumo rubuta allon wani kanti. Da na dawo muka yi kiciɓis da Joda a bakin kasuwa, yana kan babur, bai ko kashe ba ya ce mini take shi ne Albarkar Mai, ya wuce. Gwaggo, wallahi ban yi tunanin komai ba sai man gyaɗa. Ni a gidanmu in aka ce mai, shi ake nufi. Mahaifina ya rasu ina aji biyu, kuma da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli Innata ta riƙe mu huɗu. Na tashi ina jin ƙamshin suyar gyaɗa kafin in buɗe ido, ina ganinta tana juya tunkuza a turmi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsattsafo. Na san rediyo kullum maganar fetur yake yi, na san tun ƙarin albashin nan kowa babur da Fijo yake mafarki. Amma kunnena ya ji albarka, ya ji mai, sai zuciyata ta tafi gida kai tsaye. Har murna na yi, na ce yau Malam Rufa'i ya zaɓi take na mutane.

Da ƙyar Inna ta yarda in zana ta. Ta ce ita tsohuwa me za a kalla a jikinta, kuma ba ta son fuskarta a bango maza suna wucewa. Muka daidaita a kan in zana ta daga gefe, mayafi ya rufe rabin fuska. Ta ma bar sana'ar kusan shekara biyu, tun da gyaɗa ta yi tsada, man gwangwani kuma ya cika kantuna, amma saboda ni ta fito da tsohon turminta ta sayi tiya biyu ta yi aikin daga farko har ƙarshe. Mako shida na yi a kan allon nan. Hannayenta kaɗai sun ci mini kwana tara, saboda tabon ƙuna da ke bayansu na so ya fito yadda yake. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, kuma ba yabon kai nake yi ba.

Ranar warware tabarma na zo ƙarshe, ana ta kwancewa. Na Joda tankar mai ce ja wur tana haura tudu. Na Timoti gidan mai da layin motoci. Malam Rufa'i ya zana rijiyar mai a tsakiyar ruwa da wuta a samanta, wadda na san daga kalanda ya gano ta, don cikinmu ba wanda ya taɓa zuwa inda ake haƙo shi. Tun a allo na biyu na gane wane mai ake nufi. Na so in sulale, amma ido ya riga ya dawo kaina. Da na kwance tawa tabarmar, sai Joda ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya naɗa ni Sarkin Ƙuli nan take. Sauran suka ɗauka.

Abin da na yi daga nan shi ne yake hana ni sakat. Na taya su dariya. Na ce ai wannan na wasa ne, na kawo ne don in gwada su, na gaskiyar yana gida bai gama bushewa ba. Da bakina na faɗi haka, hoton Inna yana jingine a jikin bango a gabana. Malam Rufa'i ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya sa haka ne, domin wani babban jami'i daga unguwar manya ne zai buɗe nunin, yana kuma sa ran a ba ƙungiya ɗaki nata na kanta, ba ya son baƙi su ce ba mu san inda duniya ta sa gaba ba. Timoti ne kaɗai ya daɗe yana kallon hannayen nan, kuma sau biyu ke nan yana tambayata inda na kai allon.

Yanzu suna jiran na gaskiya, alhali babu shi. Tanka uku na fara, duka sun fito kamar gawa, na goge. Inna kuwa ba ta san komai ba. Ta ɗinka sabuwar atamfa, ta gaya wa maƙwabciyarta Fanta, Fanta ta gaya wa unguwa, mata biyar sun ce za su raka ta su ga an rataye hotonta a makaranta. Duk safiya in na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni saura kwana nawa, tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi.

Wani lokaci in ce zan gaya mata an fasa nunin. Wani lokaci in ce zan daure in kai musu tanka ko wace iri ce. Akwai kuma ɗan kawuna a Jos da ya daɗe yana kirana aiki, har na tambayi kuɗin mota. Ina jin haushin Joda, ina jin haushin kaina, kuma ƙungiyar nan ita ce kaɗai wurin da ake ɗaukata a matsayin mai zane ba mai rubuta "Ba a Shiga" ba. Gwaggo, yaya zan yi?

Naki,
Mai Buroshi, Tudun Wada

*

Ɗana Mai Buroshi,

Da farko dai ka bar maganar Jos. Ka je can ma kunnenka da zuciyarka suna biye da kai, kuma Innarka za ta rasa hoto ta rasa ɗa a mako guda. Ka zauna, ka sha ruwa, mu duba abin nan da kyau.

Ni ma na yi dariya da na karanta, ba zan ɓoye maka ba, don haka kada ka riƙe Joda a zuciya. Mutum shida sun yi wata da watanni suna fama da tanka da rijiya, sai ga turmi, dole a dara. Malam Rufa'i ma yana da gaskiyarsa. Take alkawari ne tsakanin 'yan ƙungiya, shi kuma nauyin ɗakin da kuke nema yana wuyansa. Kai ma kana da naka laifin tun farko: saƙon da aka jefo maka daga kan babur, ka gina aikin mako shida a kansa ba ka taka ka tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata, ka riƙe wannan don gaba.

Amma na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman wurin da ƙungiya ta ƙi hotonka, ban samu ba. Ba wanda ya ce kada a rataye shi. Kai ka janye shi kafin kowa ya gama dariya ya duba da idon basira. Abin da Malam Rufa'i ya faɗa, ya faɗa ne a kan zanen da mai shi ya ce wasa ne, ba a kan zanen da mai shi ya tsaya a bayansa ba. Ba ka san hukuncinsu ba tukuna, tsoronsa kawai kake yi.

Kuma ni a nawa ganin ba ka kauce wa taken ba. An ce Albarkar Mai, ba a ce albarkar fetur ba. Man da ya sa yara huɗu a makaranta, in ba albarka ba ne mene ne? Ka kuma lura da abin da ka rubuta da hannunka: tsohuwa ta jingine turminta tun da man gwangwani ya cika kantuna. Wato kuɗin man da abokanka suka zana shi ne ya kawo na gwangwani ya ture wanda ka zana. In aka jera allonka kusa da tankar Joda, mai kallo zai ga labarin ƙasar nan gaba da baya. Babban jami'in da ake jin tsoro ma, da wuya a ce ba da ƙuli-ƙuli a aljihu ya tafi firamare ba.

Ga abin da za ka yi. Ka fara da Timoti, domin wanda ya tambayi allo sau biyu ya riga ya gane ba wasa ba ne. Ka roƙe shi ya raka ka wajen Malam Rufa'i cikin makon nan, kada ka bari sai ana buga ƙusa a bango. Ka faɗa wa Malam gaskiya tsaf: kuskuren fahimta ka yi, kunya ta sa ka yi ƙarya, wani allo babu. Ka nemi a kira taro a sake kwance tabarmar. Idan suka yarda, ka bar Malam ya zaɓi inda za a rataye shi, ko da kusa da ƙofa ne, kada ka yi gardama. Idan suka ƙi, ka karɓa ba fushi, ka taya su shirya ɗaki kamar kullum, ka nemi aron bangon rumfar Timoti a ranar, Inna da ƙawayenta su je can su gani. Tankar nan kuwa ka ƙyale ta, hannunka ya riga ya ba ka amsa har sau uku.

Game da Inna, kada ka kuskura ka ce mata an fasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ka ga inda guda ɗaya ta kai ka. Ka ba ta labarin yadda ka rikita mai da mai, ina tabbatar maka za ta fi Joda dariya, ka kuma gaya mata ba a riga an tsayar da bangon da za a rataye hotonta ba.

Sai dai abu guda kada ka kai kunnenta, wato cewa ka kira hotonta wasa. Na san shi ne yake hana ka zama, ba dariyar ba, amma ba daidai ba ne ka sauke wa tsohuwa wannan nauyi don kai ka ji sanyi. A rumfar Timoti ka faɗi kalmar nan, a gaban mutum shida. A can za ka tsaya, a gaban su shidan, ka ce wannan mahaifiyata ce kuma shi ne aikina na gaskiya. Ko sun rataye ko ba su rataye ba, ranar za ka iya shiga gaishe ta ka dubi idonta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya kuma haɗa kan ƙungiyarku.

Gwaggonka,
Jumma