Ba Zan Ƙona Zanen Sofronie Ba

Iashi, watan Mayu, 1911

Zuwa ga Yayana Pintilie,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Yaya Anghelina da yara a can Amurka. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya tsare ka daga wutar masana'antar ƙarfen nan. Mu ma da sauƙi. Ɗana Ilarie ya fara makaranta, 'yar autar kuwa ta yi haƙora, sai cizon mutane take.

Na san labari ya riga ni isa gare ka, don bakin Gwaggo Catinca ya fi jirgin ruwa sauri. An ce maka na sayar wa likitoci fuskar mijina. To, ka ji daga bakina. Ɗan maruru ne ya fito wa mijin nawa Sofronie a leɓen sama, ana gab da bikin Ista. Mahaifiyarsa, Mama Profira, ta ce ɗanta ba zai tsaya yana waƙa a coci da wannan abu a fuska ba. Ta gasa allura, ta tsaga, ta matse, yadda kowa ke yi a unguwarmu. Nan da nan fuska ta kumbura, ido ya rufe, wuya ya sanƙare. A asibiti ya cika, yana kiran sunana, ga ni a gabansa bai gane ni ba. Yaya, ina ƙaunar mutumin nan, har yau ban dawo daidai ba.

Likita ya ce sanƙarau ne, mugunyar ce ta bi jijiyar jini daga leɓe har ta kai tantanin ƙwaƙwalwa. Ya nemi izni su buɗe kan, mai zanen asibiti ya zana abin da ke ciki da fuskar kanta, a sa a littafin ɗaliban likitanci. Na tambaye shi ko hakan zai sa a daina matse marurun fuska. Ya ce su dai za su koyar. Na ce a zana. Kuɗi kuwa, ko leu ɗaya ban karɓa ba.

Da Mama Profira ta ji, sai gida ya kama da wuta. Ta ce mun rufe duk madubin gidan don kada fuskarsa ta maƙale a duniya, ni kuma na je na kafe ta a takarda, ransa ba zai tafi ba. Ta ce ko in sa a ƙona zanen kafin addu'ar arba'in, ko in bar mata gida, ni da 'ya'yana. Na kai maganar wurin limamin coci, bawan Allah ya yi ta shafa gemu har na gaji na tashi.

Na je na ga zanen. Tsohon da ya yi shi ya miƙe ya cire hula. Sofronie ne sak, har gashin bakin nan nasa da ba ya kwanciya. Na yi kuka na ƙoshi, na share ido, na ce a buga. Jiya na kwashe kayana, muna ɗakin bayan gidan Kawu Gherasim. Ranar arba'in zan dafa alkamar sadaka da hannuna, in tsaya a bakin kabarin mijina, in ga wanda zai ture ni!

Abu ɗaya zan gaya maka, kada ya wuce kunnenka. Da likita ya tambayi wanda ya matse marurun, don za a rubuta a ƙarƙashin zanen, ce masa na yi ni ce. Tsohuwa ta binne ɗanta tilo, ba zan bari ɗalibai su riƙa karanta cewa hannunta ne ya jawo ba. Ta kore ni ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba. Saboda haka kada ka rubuto kana cewa in je in ba da haƙuri. Na riga na ba ta abin da nake da shi.

Ka gaishe min da Yaya Anghelina, da yara, Costache da Safta, da kai kanka. Kawu Gherasim yana gaishe ku.

Taka ƙanwa har kullum,
Zamfira