Takardar da Ke Shafi na Sittin

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, amma kada ki karanta mata wannan.

Kin ce na daina rubuto miki. Abin ya faro ne ranar da na daina jin ƙarar keken ɗinki. Kin san shagon mijina bango ɗaya ne da ɗakinmu, da ƙarar nan nake karatuna. Wata Talata na ji shiru, na leƙa na same shi a tsaye yana yanka yadi, ya tura kujerar gefe. Na ce, "Tela ya yi ritaya ne?" Ya ce baya ke damunsa. A makon ya ɗinka wa kansa wanduna biyu masu faɗi kamar buhu, har na yi masa dariya.

Ba baya ba ne. Wani tsiro ne a fatar marainansa, ya fi shekara yana ɓoyewa, har ya zama gyambo. A littattafan da nake karantawa, miji ciwon zuciya yake yi ko hatsarin mota, matar ta zauna gefen gado da hawaye masu kyau. Ban taɓa karanta wanda ciwo ya kama a nan ba.

A asibiti suka yanki kaɗan suka auna. Likita ya ce ciwon daji ne na fata, ba kasafai yake fitowa a wurin ba, kuma sun ga wata ƙwayar cuta a ciki da suke kira HPV. Ya ce ta hanyar kwanciya ake ɗaukarta, yawancin mutane jikinsu yana kawar da ita, amma a wasu takan lafe shekaru har ta ɓata fata. Na tambaya wa ya kawo ta gidanmu. Ya ce babu awon da zai nuna haka, tana iya girmar aurenmu. Ni da nake gane mugu a littafi tun shafi na goma, nan ban samu kowa ba.

An yi masa tiyata, an cire fatar da ta lalace, sauran an bar masa. Yana samun sauƙi. Dangi da masu kawo ɗinki duk ya gaya musu ƙaba ce.

Ranar sallama likita ya ba ni takarda, ya ce ƙwayar nan ita ce ke kawo dajin bakin mahaifa, in je sashen mata a duba ni, tun da wuri abin yake da magani. A saman takardar ya rubuta ciwon mijina da sunansa. Ita kuwa mai karɓar takardu a sashen, mijina ke yi mata ɗinki shekara shida, kuma bakinta ba ya rufuwa. Ya roƙe ni kada in je. Ya ce, "Ke da lafiyarki lau, ki rufa mini asiri mana, uwargida." Bai taɓa kirana uwargida ba sai ranar.

Na soke takardar a littafin da nake karantawa, shafi na sittin. Yau kwana ashirin da uku. Kullum in na buɗe sai in ganta, in rufe, in je in wanke masa ciwo in canja auduga. Kin san halina, ƙarshen littafi nake fara dubawa. Wannan kam ban san ko masoyan cikinsa sun yi aure ba.

Jiya ina naɗe wandunan nan masu faɗi na lissafa: fiye da shekara ya yi yana rufa wa kansa asiri, ga abin da ya tarar. Na gaya masa haka da safe yana shan magani. Ya juya fuska bango.

Na goge mayafina, na cire takardar daga littafin. Ranar Litinin da ƙarfe takwas zan je a duba ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Autar Inna